Yadda Za a Koya wa Yaro Lissafi a Gida da Kayan da Ake Samu a Zariya

A Zariya akwai gidaje da dama da yaro yake zaune ba ya zuwa makarantar boko, alhali iyayensa ba su yi watsi da karatunsa ba. Wani an tsayar da shi ne na shekara ɗaya ko biyu domin ya kammala haddar Alƙur'ani, wani ciwon sikila ne yake yawan kwantar da shi har zuwa aji kullum ya gagara, wani kuma kuɗin makaranta ne ya fi ƙarfin gidan. A irin waɗannan gidaje karatu da rubutu sukan ci gaba ko yaya, amma lissafi shi ne yake fara tsayawa, saboda iyaye da yawa suna ganin su kansu ba su iya shi ba, balle su koyar. Abin da na gani shi ne, lissafin shekarun firamare ba ya bukatar kaya masu tsada. Yana bukatar a bi kayan da ake da su daki-daki: abin da yaro zai taɓa da hannunsa a farko, sai abin da zai zana, sai lambobi a takarda, waya kuma ta zo a ƙarshe.

Akwai maganar doka da ya kamata a sani tun farko. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye nauyin tabbatar da cewa ɗansu ya yi firamare da ƙaramar sakandare, wato shekara tara. Saboda haka duk wanda yake koyar da ɗansa a gida, ya kyautu ya riƙe hulɗa da wata makaranta ko da hukumar ilimi ta ƙaramar hukumarsa, Zariya ce ko Sabon Gari, domin komawar yaron aji ta zo da sauƙi.

A fara gano inda yaron yake

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayo littafin ajin da shekarun yaro suka kai, a buɗe shafin farko a fara. Yaro mai shekara goma yana iya kasancewa a matakin aji biyu a lissafi, kuma idan aka ɗora masa aikin aji biyar sai ya koma haddace hanyoyin da bai fahimta ba. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta yi suna da tsarin koyar da yaro gwargwadon matakin da yake, ba gwargwadon shekarunsa ba, kuma gwajin da irin wannan tsari yake bukata bai fi na minti goma ba. A zuba wa yaro wake ya ƙirga ashirin. A rubuta masa 7, 14, 40 da 105 ya karanta, sannan a faɗa masa "ɗari biyu da shida" ya rubuta. A ba shi 32 a ɗebe 17. A ce masa ya raba dabino goma sha biyu tsakanin yara uku. Inda ya fara tuntuɓe, nan ne ajinsa, ko da kuwa ƙanensa ya wuce wurin.

Bayan wannan sai a nemi manhajar karatu. Hukumar NERDC ce take tsara ta ga makarantun Nijeriya, kuma ana yi mata gyara lokaci zuwa lokaci, don haka a nemi ta baya-bayan nan. Hanya mafi sauƙi ita ce a roƙi wani malamin firamare na unguwa ya ba da tsarin darussan zango-zango na ajin da ake bukata a kwafa. Littafin lissafi guda ɗaya mai bin wannan manhaja ya wadatar, kuma ana samu a shagunan littattafai na Sabon Gari da Samaru, har da na hannu. Tara littattafai uku ko huɗu ba ya ƙara komai sai ruɗu.

Tsinke, dami da canjin kuɗi

Idan aka ce in zaɓi kayan aiki ɗaya tak, zan zaɓi tsinken tsintsiya da robar ɗaure kuɗi. A yanyanka tsinke kamar ɗari biyu, kowanne tsawon ɗan yatsa. Yaron ya ƙirga goma ya ɗaure, wannan shi ne dami ɗaya, kuma dami goma idan aka haɗa su aka ɗaure sun zama babban dami na ɗari. A shimfiɗa kwali a ja masa layi biyu a tsaye ya zama gida uku: na dama na tsinke, na tsakiya na dami, na hagu na babban dami. Doka ɗaya ce a wannan kwali, ita ce babu gidan da yake ɗaukar abu goma, da zarar sun cika goma sai a ɗaure su su ƙaura gidan hagu. Yaron da ya yi mako biyu yana wannan aiki zai gane da kansa dalilin da ya sa ake rubuta ɗari da biyar 105, ba 1005 ba, domin yana ganin babban dami ɗaya, gidan tsakiya babu komai, da tsinke biyar. A nan ne sifili yake samun ma'ana a wurinsa, ya zama alamar gidan da babu kowa a ciki.

A koma ga 32 a ɗebe 17. Yara da yawa sukan ba da amsa 25, kuma ba da ka suke faɗa ba, sun ga 2 da 7 ne suka cire ƙarami daga babba suka sami 5, suka cire 1 daga 3 suka sami 2. Da tsinke wannan kuskure ba ya yiwuwa. Yaron yana da dami uku da tsinke biyu, an ce ya ba da tsinke bakwai, ba su kai ba, dole ya kwance dami ɗaya. Yanzu yana da dami biyu da tsinke goma sha biyu. Ya ba da bakwai saura biyar, ya ba da dami ɗaya saura ɗaya, amsa 15. A makaranta ana kiran wannan mataki "aro", kuma ni ban cika son kalmar ba, domin abin da aka ara ana mayar da shi, a nan kuwa babu abin da ake mayarwa. "Kwance dami" ko "yin canji" sun fi dacewa da abin da yake faruwa. Kada a yi gaggawar raba yaro da tsinken. Idan ya saba, sai ya riƙa zana dami da tsinke a takarda maimakon ɗaukar su, daga nan kuma ya koma lambobi zalla. Masanin nan na Amurka Jerome Bruner ya bayyana waɗannan matakai uku tun shekarun 1960, kuma a kansu makarantun Singafo suka gina koyar da lissafinsu.

Kuɗi su ne mataki na gaba, kuma yaran Zariya da ake aika kanti sun riga sun san su fiye da yadda iyaye suke zato. A yanka kwali a yi takardun naira 10, 100 da 1,000 tukuna, domin su ne suke bin tsarin dami, sai daga baya a ƙara 'yar Murtala da wazobiya da sauran. A buɗe shago a tsakar gida da gwangwanaye da kwalayen sabulu, yaron ya zama mai shago. Idan an yi sayayyar naira 350 aka ba shi 500, a koya masa ba da canji yadda 'yan kasuwa suke yi, wato ya ɗora hamsin ya cika ɗari huɗu, ya ɗora ɗari ya cika ɗari biyar, canji 150 ke nan. Wannan ma ɗebewa ce, kuma ita ce ta fi sauri a lissafin ka. Abin da ya rage shi ne a sa shi ya rubuta abin da ya yi, domin ya ga cewa lissafin kasuwa da na littafi abu ɗaya ne.

Harshen da ake koyarwa da shi yana da nasa tasirin. Ƙidayar Hausa tana tafiya daidai da yadda ake rubuta lamba: "goma sha uku" ta fara ambaton goma sannan uku, kamar yadda 13 take a rubuce, "ashirin da huɗu" ma haka. A Turanci kuwa sunayen 13 da 30 sun yi kama a kunne, haka 14 da 40, kuma yara sukan daɗe suna rikita su. Har ɗebewa tana cikin bakinmu, tunda tsofaffi sukan ce "ashirin ba biyu" suna nufin 18. Don haka a yi bayani da Hausa har yaro ya gane, sannan a ba shi sunan abin da Turanci ya rubuta a bayan littafinsa, saboda jarrabawa da Turanci za ta zo masa.

Sau da rabawa

Kiret ɗin ƙwai da ba kowa a ciki kayan aiki ne mai kyau, domin yana da layi biyar na gurbi shida. Yaron ya cika shi da ƙwallon dabino ko hular kwalba ya ƙirga 30, sannan a juya kiret ɗin ya ga layi shida na gurbi biyar, adadin bai sauya ba. Wanda ya gane cewa biyar sau shida daidai take da shida sau biyar ya rage wa kansa kusan rabin aikin hadda. Jadawalin sau daga 1 zuwa 10 yana da amsa ɗari, amma idan aka cire maimaici saura 55, idan kuma yaro ya riƙe gidan 1, 2, 5 da 10, waɗanda su ne masu sauƙi, abin da ya rage masa 21 ne kawai. Yana da kyau a faɗa wa yaro wannan adadi, domin 21 ba ta ba da tsoro kamar ɗari. Gidan 4 ninkin gidan 2 ne, gidan 8 kuma ninkin gidan 4. Gidan 9 yana da tasa alama, domin daga 18 har zuwa 90 duk amsar da aka haɗa lambobinta biyu tara take bayarwa, kamar 27 da 63.

A nan yaron da yake hadda yana da fifiko a kan sauran, saboda ya san cewa abin da ba a yi masa muraja'a ba gudu yake yi. A rubuta tambayoyin a ƙananan katuna, amsa a baya, a riƙa bitar su minti biyar kullum, waɗanda ya iya a jinkirta su zuwa bayan kwana uku, waɗanda ya kasa su dawo gobe. Rabawa kuma a fara ta da rabon gaske, dabino ko gyaɗa a kan faranti, har da abin da ya yi saura, kafin a shiga doguwar hanyar takarda.

Wasanni suna taimakawa, amma kada a ɗora musu abin da ba za su iya ba. Dara, mai gurbi talatin da 'ya'ya goma sha biyu ga kowane ɗan wasa, tana koyar da hangen gaba da lura da layi. Ludo da ƙwaya biyu tana sa ƙaramin yaro ya riƙe tarawa har zuwa goma sha biyu ba tare da ƙirga yatsu ba. Ga wanda ya ɗan tasa, a zana gida tara, uku-uku, a ce ya jera 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, zai ba da 15. Idan ya sha wuya ya samu, a gaya masa cewa wani malami Bakatsine, Muhammad ibn Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hanyoyin gina irin waɗannan gidaje.

Rabi, sulusi da sumuni

Lissafin ɓangarori shi ne inda yara da yawa suke yanke ƙauna, kuma tushen matsalar ɗaya ne, wato yaro yana ganin 8 ta fi 6, don haka ya ɗauka 1/8 ta fi 1/6. A yanko dogayen takardu masu tsawo ɗaya, a bar ɗaya yadda take, a naɗe ta biyu gida biyu, ta uku gida huɗu, ta huɗu gida takwas, a kuma yi na gida uku da na gida shida, sannan a jera su ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Ido kaɗai zai nuna masa cewa yawan masu rabo shi yake rage girman rabo, kuma rubu'i biyu daidai suke da rabi. Sandar rake ma tana yin wannan aiki, kuma ita ana shanye ta bayan darasi.

Muna da wata gata a nan da ba a cika amfani da ita ba. Yaron da yake zuwa Islamiyya ya riga ya ji rabi, rubu'i, sumuni, sulusi da sudusi a ayoyin gado na Suratun Nisa'i. A ba shi misali: mutum ya rasu ya bar naira 240,000 bayan an biya bashi da wasiyya, yana da mata da mahaifiya da 'ya'ya. Matar tana da sumuni, wato 30,000, mahaifiyar tana da sudusi, wato 40,000, saura 170,000. Idan ya tambayi dalilin da ya sa aka zaɓi 240,000, an kai ga darasin da ake nema, domin 24 ita ce ƙaramar lambar da 8 da 6 suke raba ta ba saura, kuma wannan shi ne asalin hanyar tara ɓangarori masu mabambantan gindi, wato lambar ƙasa. Zakka ma haka take. Ɗaya cikin arba'in na kuɗin da ya kai nisabi shi ne kashi biyu da rabi cikin ɗari, kuma manomin da ya sami buhu 40 na masara da ruwan sama zai fitar da huɗu, wanda ya shayar da wahalar ban ruwa kuma ya fitar da biyu. Waɗannan misalai na lissafi ne kawai, hukuncin rabon gado na gaske kuwa yana wurin malamai da alƙalai.

Awo ba ya bukatar dogon bayani. Tef ɗin tela, rula, mudu, sikeli idan akwai, da agogon bango mai hannu sun isa. Yaron ya auna tsawon ɗaki da takunsa, yayansa ma ya auna da nasa, idan amsoshin suka bambanta sai a fito da tef ya ga amfanin mita. Ya zagaya bakin faifai da zare, ya gwada zaren da faɗin faifan, zai ga ya ninka shi sau uku da ɗan ɗoriya, ya maimaita da murfin tukunya ya sake samun haka. Daga baya idan ya haɗu da 22/7 a littafi ba baƙuwa ba ce a wurinsa.

Waya da kwamfuta

Na ajiye waya a ƙarshe da gangan, domin yaron da bai kwance dami da hannunsa ba yakan kalli bidiyo ya gyaɗa kai, gobe a tambaye shi a tarar babu komai. Ga wanda ya sami tushe kuwa tana da amfani sosai. Khan Academy kyauta ce, tana da darussa daga ƙidaya har lissafin sakandare, kuma manhajarta ta waya tana bari a sauke bidiyo a kalla ba tare da data ba, sai dai Turancinta na Amurka ne kuma jerin darussanta ba na manhajarmu ba ne, don haka uwa ko uba ne za su zaɓo darasin da ya dace da na makon. Nigeria Learning Passport, wanda ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, shi ma kyauta ne, yana bin manhajar ƙasa, kuma akwai darussan Hausa a cikinsa. uLesson na kuɗi ne, an gina shi domin ɗaliban wannan yanki da jarrabawoyinsu. Wanda yake da tsohuwar kwamfuta yana iya sa mata Kolibri, a sauke darussa sau ɗaya inda intanet yake da ƙarfi, a ci gaba da amfani da su a gida babu intanet. GeoGebra kuma, manhajar zane-zanen lissafi, sai yaro ya kai ƙaramar sakandare, lokacin kusurwoyi da zanen jadawali.

Manhajojin da ake ɗaukar hoton tambaya su fitar da amsa, a bar su a wayar babba, shi ya riƙa duba aikin yaro da su. Kalkuleta ma a jinkirta ta har sai jadawalin sau ya zauna. Saboda halin wutar lantarki, kada a tsara darasin da ba zai yiwu ba sai da caji.

Uwar da take jin lissafi ya fi ƙarfinta ta kalli darasin ita kaɗai da dare, ta gwada tambaya biyar, washegari ta koyar. Har zuwa aji huɗu wannan yana wadatarwa. Daga nan, idan ana bukatar malamin lesin, Zariya ba ta rasa su ba, tunda ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo, ga kuma ɗaliban koyon aikin malanta da suke neman abin yi da yamma. A zauna a darasinsa na farko a saurara. Idan yaro ya yi kuskure malamin ya ce masa "yaya ka yi ka sami wannan?", a riƙe shi. Idan kuwa ya goge ya rubuta daidai ya wuce, ko ya kai hannu ga bulala, a nemi wani. Gidaje biyu ko uku na unguwa ɗaya suna iya haɗa kuɗi su ɗauki malami ɗaya, yaran kuma su sami abokan yi wa juna bayani.

Minti talatin zuwa arba'in a kullum, kwana biyar a mako, ya fi awa uku a ranar Asabar. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da hantsi bayan karin kumallo, kafin rana ta yi zafi. Minti biyar na farko na katunan bita ne, sai sabon darasi da kayan hannu, sai tambayoyi kamar goma a littafi, a rufe da tambaya ɗaya ta labari wadda yaron zai karanta da kansa ya faɗi abin da ake nema kafin ya taɓa fensir. A ware ƙaramin littafi na kurakurai, a riƙa rubuta kwanan wata, da tambayar da ya faɗi, da dalilin da ya bayar, a dawo kansu duk ranar Alhamis.

Idan ana nufin yaro ya zauna jarrabawar shiga makarantun sakandare na tarayya, wadda NECO take shiryawa, a sayi tambayoyin shekarun baya tun saura wata shida, a fara yin su ba agogo, sai a watanni biyu na ƙarshe a riƙa auna lokaci. Manyan yara kuma suna da damar zama jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO a matsayin ɗalibai masu zaman kansu. Wanda zai koma aji kuwa, a tafi da littafin aikinsa da na kurakuransa ranar da za a kai shi, a nuna wa shugaban makarantar da malamin lissafi kafin a yanke ajin da za a sa shi.